Rasuwar Munduwata, Wadda Na Kira Roba Shekara Arba'in da Bakwai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunya kuma wadda ta ɗan fi baƙin cikin yawa, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar munduwata ta hauren giwa. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan tagar kicin, bayan jinyar kwana biyu wadda ni na jawo mata. Surukata ce ke rubuta wannan, ni nake faɗa, don alƙalami bai san hannuna ba. Na ce kada ta gyara ko kalma, dariyar kuma ta haɗiye ta.

Marigayiya ta shigo gidan nan a aljihun maigidana, direban babbar mota, Allah ya jiƙansa. Mutum ne da zai tsaga ashana biyu don kada kwali ya ƙare. Irin wannan ya dawo daga tafiya, ya zura mini abu a hannu ya ce, "Haure ne, uwar yara. Tare za ku tsufa." Wa zai yarda? A waje na ce haure ne, don kada a raina ni. A ɗaka kuwa, duk faɗan da muka yi sai na kaɗa masa ita a fuska na ce, "Ga robarka!" Shi sai ya sa hularsa ya fita. Da ya kwanta ciwon ajali ma, yana riƙe da hannuna yana shafa ta, na ce, "Malam, lokaci ya ƙure, faɗi gaskiya." Dariya ya yi har tari ya sarƙe shi.

Halinta ba sai an faɗa ba. Da safe sanyi gare ta, kafin a jima ta ɗauki ɗumin jikina. Ba ta taɓa yi mini tsatsa ko ƙaiƙayi ba. Muryarta ƙwas-ƙwas ce a bakin tukunya, ƙwal a kan duk ɗan da ya yi rashin kunya. Yarana shida duk ta yi musu tarbiyya.

Ciwon nata kuwa, tsufa ne kawai. Ta rine ta yi rawaya, ni kuma na ce asirin roba ya tonu. Na jiƙa ta kwana biyu a ruwan bilic na wankin fararen kaya, na shanya ta a rana kusa da murhu. Kalmarta ta ƙarshe ita ce ƙas! Ta rabu uku.

Na ƙulle gawar na kai wa maƙerin zinariya ya liƙa. Ya maƙala ɗan gilashinsa a ido, ya daɗe yana duba bakin karayar, sannan ya ce, "Iya, wa ya yi wannan ɗanyen aiki?" Na ce surukata. Ya nuna mini wasu siraran layuka da suka gitta juna kamar saƙar raga, ya ce roba ba ta da su, ƙashi ma ba shi da su. Ya gasa allura ya ɗora, allura ta ƙi shiga, sai ɗan ƙauri kamar gashi ya ƙone. Ya ce, "Haƙorin giwa ne, Iya. Abin da ya taɓa rai ne, yana shan ruwa, yana bushewa, yana tsagewa. Rawayar nan da kika wanke ita ce shaidarsa. Ke naki haƙoran farare ne?" Na rufe bakina da gefen mayafi. Guda biyar suka rage mini, kuma duk launinta ne.

Ta rasu ta bar ni, da farin zobe a fatar hannuna inda rana ba ta taɓa gani ba. Ta bar 'ya'yana mata uku, waɗanda kowace ta ce ba ta son gadon roba, yanzu kuma su suka fi kowa kuka. Ba ta bar magajiya ba. Maƙeri ya ce an hana cinikin haure, a bar wa giwa haƙorinta. Na ce ya yi daidai, tunda ga irin hannun da yake faɗawa.

Za a yi mata sutura da hankicin Malam, a sa ta a gidan tabaransa, a ajiye ƙasan akwatina. Zaman makoki ranar Alhamis bayan la'asar a tsakar gidana, kowa ya zo da tabarmarsa. Duk wadda na taɓa raɗa wa cewa mijina maƙaryaci ne, lallai ta zo, ko da sanda take tafiya. Zan tashi tsaye in ce Malam ya yi gaskiya. Sau ɗaya zan faɗa, wadda ta makara ita ta sani.

Surukata kuma, na wanke ki. Rubuta wannan da manyan baƙi, ki daina wannan dariyar.