Nomau da Ɗakin Inna Mai Taya

A ƙauyen Rafin Tsamiya akwai wani mutum, Nomau, yana zaune da tsohuwarsa Inna Tabawa. Ba shi da mugunta ko kaɗan, sai dai in ka ce masa tsaya, to a tsayen za ka same shi gobe. Duk rani mutanen garin kan koma bakin dam, su yi wata uku suna noman albasa. Bana ƙafafun Inna suka ƙi, aka ce sai dai a bar ta gida ita kaɗai. Nomau ya ce sam. Ya sa Barau mai walda ya haɗa masa amalanke, ya kafa ɗan ɗakin katako a kai, babur ɗinsa ya ja.

Wata rana Barau ya ce masa, "Ƙarfen nan nauyin buhu biyar yake ɗauka. Komai za ka ɗora, auna shi tukuna." Nomau ya kwashi kaya sai wurin mai sikelin hatsi: tukunya, buta, tsintsiya, har allura. Can sai ga shi ɗauke da Inna. Ta ce, "Ɗan nan, ni buhun dawa ce?" Haka ta hau sikeli tana sababi, 'yan kasuwa na dariya.

Wata rana Barau ya jijjiga amalanken ya ce, "Ya yi nauyi. Abin da ba shi da amfani a rani, cire shi." Nomau ya ɓalle rufin, tunda ba ruwan sama. Inna ta shiga gwaji, rana ta gasa ta. Ta ce, "Barau, kai da ka san halinsa!" Aka rufe ɗakin da zana.

Wata rana aka kama hanya, suka iso gadar katako. Barau ya ce, "Kada ka haye da kaya gaba ɗaya, ɗai-ɗai." Shi kenan. Nomau ya kai cokali ya dawo, ya kai murfin tukunya ya dawo, tun hantsi har azahar. Masu amalanke suka yi layi a baya suna tsaki. Daga ƙarshe ya goya Inna ya haye. Marasa haƙuri suka kwance amalanken daga babur suka tura shi, ba komai a ciki, don su samu hanya. Yana kaiwa tsakiya katako ya ce ƙaras, ɗakin ya tuntsura cikin rafi, ashe gara ta cinye gadar. Wallahi da Inna na ciki, da sai dai wani labarin.

Barau ya share gumi ya ce, "Mu jawo shi, gobe zan gyara."

Inna ta ƙanƙame wuyan ɗanta, hawaye na zuba. Ta ce, "Sauke ni, Nomau, ai mun haye."

Ya ce, "Inna, Barau bai ce a sauke ba."

A bayansa ta isa bakin dam.