Jikokin Saige

Bayan rasuwar mahaifiyata na duba na ga ba ni da kowa. Abin da ta bar mini na tarihinmu magana ɗaya ce: kakarta Hajo ta tashi daga Boɗinga zamanin Turawa, ta koma Shagari da Saige da ɗiyanta.

Nan take na yanke hukunci cewa Saige ƙanwar Hajo ce, har na zana mata reshe a takarda. Na ɗinka sabuwar riga, na sayi goro, na nufi Shagari neman dangi.

Aka kai ni wurin wani dattijo. Na durƙusa na ce, "Baba, ni jinin Saige ne."

Ya daɗe yana dubana. Sannan ya ja ni bayan gari, ya nuna garke da sanda.

"Ga jikokinta nan. Saige nagge ta, ɗana. Saniya. Hajo kam ba ta bar kowa nan ba."

Har yau in shanu suka gifta, sai abokaina su ce, "Tashi ka gai da dangi." Nakan yi dariya. In ba mai kallo kuma, nakan ɗaga wa shanun hannu.