Gashin Manaja a Rigar Lauya

"Lafiya lau muka wuni, sai dai ganinki," in ji Tela, bai ko ɗago kai daga teburin guga ba.

"Ka ji mara kunya! Kai ka kira ni a waya kamar za ka yi kuka, yanzu kuma ganina ne ya dame ka?"

'Yar kawunsa ce, taubashiyarsa. A asibitin dabbobi take aiki, shi ya sa yake ce mata Likitar Kaji. Tun suna yara ba sa haɗuwa su rabu ba su yagi juna ba, amma yau bakin Tela ya yi sanyi. Baƙar rigar wani lauya ce shimfiɗe a gabansa, ƙarfe huɗu za a zo karɓa, ga shi ta yi furu-furu da farin gashin Manaja, kyanwar shagon. Sau biyu lauyan yana ja masa kunne. Tela ya yanke a ransa cewa in aka yi na uku, yau Manaja za ta bar shagon. Abin yana cin ransa, don shekara uku ke nan ɓera bai taɓa masa yadi ba, kuma yana son dabbar nan, ko da ba zai faɗa a gaban mutane ba.

"Ina mara lafiyar?"

"Ga ta can ta miƙe ƙafa a kan yadin mutane, kamar gadon ubanta."

"Ai ita ce mai shagon, kai ɗan aikinta ne. Ta fi ka tsafta, ta fi ka ƙiba, ta fi ka gashi."

"Gashin ne masifar. Ki duba ta, wata cuta ce."

Likitar ta ɗauki kyanwar, ta buɗa gashin bayanta da yatsu, ta leƙa kunnuwa. "Fatarta lau, ba ƙuma, ba ƙurji. Kowace kyanwa tana zubar da gashi in zafi ya shigo. Kai da naka ya zube tun kana saurayi, wa ya kai ka asibiti?"

"Nawa ilimi ne ya cinye shi."

"Wane ilimi? Kai da ka ɗinka wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya?"

"Na yayanki ne. Ƙafafun gidanku ne haka."

"Allah ya shirye ka. Kana taje ta kuwa?"

"Safe da yamma! Tsaya ki koyi aikinki."

Ya ɗauko buroshi daga teburin guga, ya danne Manaja a ƙarƙashin fanka, ya shiga karta ta daga wutsiya zuwa kai tana gurnani. Da ya gama ya buga buroshin a gwiwarsa sau biyu, ya juya cikin isa ya ci gaba da share rigar lauya da shi. Likitar ta sulale kan benci ta riƙe ciki, dariya har da hawaye.

"Da wannan kake taje ta?"

"Da shi."

"Kuma da shi kake share kayan mutane?"

"To buroshi nawa mutum zai ajiye?"

"Wayyo cikina! Wato da hannunka kake kwaso gashin kana shafa wa lauya, sannan fanka ta raba wa sauran kayan. Kuma ka ce kyanwa ce ba ta da lafiya!"

Tela ya juya buroshin ya kalli haƙoransa, cunkus da fari. Kunya ta rufe shi har wuya.

Ta zuge jakarta ta fito da wani buroshi mai siraran haƙoran waya. "Wannan nata ne ita kaɗai, ko gemunka kada ya taɓa. Waje za ka fita da ita, daga wuya zuwa wutsiya, yadda gashin ya kwanta, minti biyar kullum. Ka shimfiɗa mata tsohon tawul ya zama wurin kwananta. Kayan da ka gama kuma ka sa su a leda."

"Rigar fa, uwar surutu? Uku da rabi ta wuce!"

Ta jefa masa safar hannu ta roba. "Ɗan jiƙa ta, ka shafa gefe ɗaya, kada ka koma baya."

Ya shafa. Gashin ya riƙa dunƙulewa yana bin hannunsa. Abin da ya maƙale a wuya da bakin hannu ta naɗa salatif a yatsunta ta tsince. Kafin huɗu rigar ta koma baƙa wuluk.

Lauya ya zo, ya ɗaga ta a hasken ƙofa, ya juya ta gaba da baya. "Madalla," ya ce, ya fita.

"To," in ji Likitar tana saɓa jaka, "miƙo kyanwar mu tafi, tunda ta ishe ka. Akwai mai so a wurin aikinmu."

Tela ya yi wuf ya rungume Manaja. "Taɓa ta ki gani!"

"To faɗa. Wa ya yi laifi?"

"Ni," ya ce ciki-ciki.

"Ba ni za ka gaya wa ba. Ita ka yi wa ƙazafi."

Ya fashe da dariya, ya ɗora kyanwar a kan teburi, ya rusuna. "Ranki ya daɗe, Manaja, ni ne mai cutar." Ya juyo ya nuna kantar shagon mai cike da yadi. "Ke kuma zaɓi wanda kike so in ɗinka miki, kafin in dawo hayyacina."

Ta bi yadin da ido a hankali, ta kalli Manaja, ta kalle shi.

"Baƙi," ta ce.