Giwar da Baba Bai Gani Ba

Idon Baba ya fara dishi-dishi lokacin ina koyar da labarin ƙasa a Rogo. Burinsa ya ga giwa kafin ganin ya ɗauke. Na bugi ƙirji, na zaɓi hutun Agusta. Yayata ta ce, "Da damina?" Na tambaye ta wa ya yi boko tsakaninmu.

Muka sha mota daga Kurugu har gandun daji a Kamaru. Mai gadi ya ce, "Ruwa ya cinye hanya, Baba. Sai rani."

Kafin rani Baba ya makance.

Har ya rasu, in tunkiya ta yi kuka sai ya lalubo hannuna ya ce, "Malam, giwar ce?" Yanzu jikokinsa ne ke tambayata.