Rasuwar Wayar Mai Gashin Baki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun da har yau ya kasa zura zare a allura, telan nan da kowa ya sani da Mai Gashin Baki yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki da maƙwabtan shago rasuwar wayarsa, abokiyar zamansa ta shekara shida. Rai ya yi halinsa ranar Lahadi, ƙarfe biyu da minti ashirin da shida na rana, a kan teburin yanka, tsakanin almakashi da tef ɗin awo. Saura minti huɗu a rufe canjin 'yan wasa na makon ƙarshe.

Ga waɗanda Allah ya tsare daga wannan jaraba, ga bayani kaɗan don su san girman rashin. Wasa ne na waya, ana ce masa fantasi. Mutum ya zaɓi 'yan ƙwallo goma sha biyar daga ƙungiyoyi dabam-dabam, ya zama kocinsu yana zaune a kan kujerarsa. In ɗan wasansa ya ci ƙwallo a fili na gaske, sai a ba shi maki a waya. Kowane mako an yarda ya sallami mutum ɗaya ya ɗauko wani. In ya ƙara, kowane canji maki huɗu za a zaftare masa. Sai dai akwai kati guda, wayilkad, wanda in aka danna shi kafin a rufe, duk canjin da aka yi a makon an yafe, ko da ƙungiyar duka aka watsar.

Su takwas ne masu gasar a layin shagunan. Dokarsu ɗaya ce: wanda ya zo na ƙarshe a ƙarshen kakar wasa, a ɗora shi a kan kujera a bakin titi, a aske masa duk gashin da ke fuskarsa. Mai Gashin Baki ne da kansa ya kawo wannan doka, lokacin da yake ganin shi da ƙarshen teburin maki har abada. Bara shi ya danne kafaɗun mai walda ana kwashe masa gemu, yana dariya har da hawaye. Bana kuwa aka shiga makon ƙarshe yana na bakwai. Maki shida kacal ne tsakaninsa da na takwas, kuma na takwas ɗin ƙanin matarsa ne, mai shagon aski, ƙofa uku daga nasa.

Kada wani ya ce ai gashi ne, zai sake fitowa. Wannan gashin baki shekararsa ashirin da biyu. A ƙarƙashinsa akwai tabon faɗuwa daga keke, wanda ya sha tsokana a kansa yana yaro, har ya koyi yin dariya da hannu a baki. Matarsa da shi ta aure shi, ba ta taɓa ganin leɓensa na sama ba. Shagonsa ba shi da allo; duk baƙon da ya sauka a layin, shagon Mai Gashin Baki yake tambaya, a nuna masa. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, ko da yake bai faɗa wa kowa ba sai marigayiya.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri da riƙon amana. Ta faɗi daga kan keken ɗinki sau ba adadi, ta tashi ta ci gaba da aiki da tsagewa uku a fuska, ba ta taɓa kai ƙara ba. Ta riƙe awon kafaɗa da na ƙugun mutane fiye da ɗari biyu ba ta tona asirin tumbin kowa ba. Ita kaɗai ta san kalmar sirrin shiga wasan, domin tun ranar da ya ba ta ajiya shekara biyar da suka wuce bai sake tambayarta ba. Waɗanda suka zauna da ita za su tuna muryarta. In ɗan wasansa ya ci ƙwallo, sai ta ce "ɗin!" sau ɗaya, a taƙaice, kamar an buga cokali a kofi. In labarin rauni ne, sai ta yi "zzzt, zzzt" a kan tebur har allurai su kama rawa a cikin gwangwaninsu.

Jinyarta ta yi tsawo, kuma gaskiya ba a kula da ita yadda ya kamata ba. Wata takwas da suka wuce batirinta ya fara kumbura har ya ɗaga murfin baya. Mai Gashin Baki ya yanko ragowar robar ƙugun wando ya ɗaure ta, ya ce ta warke. Daga nan ta fara rikicewa: ta ce tana da caji hamsin, kan ka juya ta ce uku. Mai gyaran waya ya duba ta, ya ce aikin rabin awa ne, a bar masa ita ya sa sabon batir. Mai Gashin Baki ya ce rabin awa ba wasa ba ce, a cikinta wani koci zai iya faɗin wanda zai ajiye a benci. A bari a gama kaka.

Matarsa ta gaya masa a gaban kwastoma: "Baban yara, ka san ciwon cinyar kowane ɗan ƙwallo a duniya, ka san wanda ya yi targaɗe da wanda ke mura. Ga ta aljihunka cikinta ya kumbura kamar mai wata tara, ita ba ka gani ba?"

Ya murza gashin baki ya ce, "Ke dai bari. Ita ta san ba lokacin ciwo ba ne yanzu."

Makon ƙarshe ya shirya shi kamar mai shirin yaƙi. Bayan ƙofar shago ya cika da rubutun allin yanka: wa zai fita, wa zai shigo, wace ƙungiya ce ke neman tsira da za ta yi wasa da rai, wacce ce ta riga ta gama nata sai yawo a fili. Litinin ya sallami gola. Talata 'yan baya uku suka bi shi. Laraba ya yi wa wani alhaji hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo, saboda yana auna 'yan tsakiya biyu a ransa. Zuwa Asabar canji goma ya yi, ɗaya kyauta, tara na tara. A saman fuskar marigayiya aka rubuta da ja cewa za a cire masa maki talatin da shida. Ko a jikinsa, domin wayilkad ɗinsa na nan, dannawa ɗaya ta share komai.

To me ya hana shi dannawa tun Litinin? Nan ne mai rubuta wannan sanarwa yake jin haushinsa, duk da ana cikin makoki. Shekara biyar da suka wuce, wata rana caji ya ƙare masa, wuta kuma ta ɗauke ba ta dawo ba sai saura minti biyar a rufe, ya danna katin a gurguje, kuma makon nan ya fi kowa maki. Tun daga ranar ya mai da abin ƙa'ida. Katin ba ya dannuwa sai saura minti biyar, yana zaune a kujerar keke, ya wanke hannu, ya murza gashin baki sau biyu dama, sau biyu hagu. An yi masa magana, ya yi kunnen uwar shegu.

Shi kuwa Mai Aski, kullum sai ya ratso ta ƙofar shagon da injin aski a hannu, ya kunna shi ya kashe. "Mijin yaya, ina kwana? Ina ta sa masa mai, kada ya ja maka gashi ranar."

Ranar Lahadi za a rufe ƙarfe biyu da rabi. Tun safe marigayiya na jone da caja, domin an san halin da take ciki. Ƙarfe biyu da minti goma wani direba ya shigo a gaggauce, motarsa na kunne a waje, yana son rigarsa, ga wuyanta bai sha guga ba. Soket ɗaya ne a shagon. Mai Gashin Baki ya duba fuskar marigayiya, ta ce arba'in da uku. Ya yarda da ita. Ya zare cajarta ya jona dutsen guga.

Biyu da ashirin da biyar ya wanke hannu. Matarsa ta shigo da abincin rana ta ajiye, ta tsaya tana kallon ikon Allah. Mai Aski ya jingina da ƙofa. Aka murza dama, aka murza hagu. Ya buɗe manhajar, ta ɗan yi nauyi kamar yadda ta saba, shafin ya fito, ga katin nan kore. Ya ɗaga babban yatsa.

Fuskarta ta yi baƙi. Ko "zzzt" ba ta ce ba.

Ya danna maɓallin gefe. Ya sake dannawa. Ya fizge wayar dutsen guga ya jona caja, har sau biyu yana kuskuren ramin. Shiru. Agogon bango ya ce saura uku da rabi. Gumi ya karyo masa, yana bin gashin bakin yana ɗiga a kan tebur.

"Ba ni taki! Ba ni taki!"

Matarsa ta miƙa masa wayarta. Shafin ya tambaye shi kalmar sirri. Ya sa ranar aurensu, aka ce a'a. Ya sa lambar keken ɗinki, aka ce a'a. Aka ce in ya manta, za a turo masa lamba ta layinsa, layin kuwa yana cikin gawa. Ya zaro allura ya soka a ramin sim, allurar ta karye. Ya zaro ta biyu, ɗan tiren da ke riƙe da sim ya yi tsalle, sim ɗin ya faɗa cikin tarin ƙyallayen da ke ƙarƙashin tebur. Saura biyu.

A nan dole a faɗi alherin Mai Aski. Ya ajiye injinsa ya durƙusa da farar rigarsa, yana watsa ƙyallaye da hannu bibbiyu. "Ɗaga ƙafarka, mijin yaya! Ni ba na so in ci ka da mutuwar waya." Shi ya tsinto sim ɗin manne da wani guntun leshi. Aka sa a wayar matar. Ta ɗauki lokacinta tana neman sabis, su uku sun haɗa kai a kanta. Lambar ta shigo ƙarfe biyu da talatin da ɗaya.

Bayan minti biyu, marigayiya da ke jone a gefe ta buɗe ido. Fuskarta ta yi haske a kan shafin da ta tsaya, ga katin nan kore, ba a taɓa shi ba. Mai Gashin Baki ya san an rufe, amma ya danna. Sau uku ya danna. Ta ce "ɗin!" a hankali, ta rufe ido, ba ta sake buɗewa ba. Mai gyara ya tabbatar daga baya cewa tun lokacin da fuskarta ta yi baƙi ta tafi, wancan hasken sallama ce kawai.

Abin da ya fi ciwo shi ne lissafin bayan ƙofa daidai ne. Sabon gola bai bari an ci shi ba. Kyaftin ya ci biyu ya bayar da ɗaya. Maki tamanin da ɗaya 'yan wasansa suka kawo, abin da bai taɓa samu ba tun da ya fara. Aka cire talatin da shida, saura arba'in da biyar. Mai Aski, wanda ya manta ma bai canza kowa ba a makon, ya samu hamsin da biyu. Ya haye da maki ɗaya.

Da yamma Mai Aski ya dawo ba inji a hannu, ya ce shi ya yafe, zai gaya wa sauran a bar maganar. Mai Gashin Baki ya daɗe yana kallon ƙofar da ya cika da alli. Ya ce, "Na sallami mutum goma masu lafiya, mai ciwon na bar ta a fili. Kuma ni na danne mai walda bara. Je ka sa wa injinka mai."

Marigayiya ta rasu ta bar caja ɗaya mai lanƙwasasshen wuya, da abin kunne wanda ɓangarensa na hagu ya riga ta tafiya, da robar wando da ta yi jinyarta har ƙarshe, da 'yan wasa goma sha biyar da ba su san ta rasu ba. Ta tafi da kalmar sirri, da awon mutum ɗari biyu. Ana roƙon masu ɗinki a shagon su dawo a sake auna su, su kuma yi haƙuri da abin da tef zai faɗa.

Za a yi jana'iza ranar Laraba. Ƙarfe uku da rabi za a naɗe ta a farin ƙyalle, a sa ta a aljihun keken ɗinki na hagu, inda maɓallai suke. Ƙarfe huɗu za a fito da kujera bakin titi. Mai walda ya nemi a ba shi riƙon kafaɗu, an ba shi. Matar mai rashin ta ce ita za ta tsaya a gaba, domin shekara ashirin da biyu ana ɓoye mata abu, kuma ko me ta gani ba za ta yi dariya ba. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su tambayi maki nawa aka samu, kuma su kashe ƙarar wayoyinsu, don kada wata ta ce "ɗin!" a gaban mai rashi. Waɗanda za su zo daga nesa su yi ƙoƙari su iso kafin ƙarfe huɗu. Bayan haka, in suka tambayi shagon Mai Gashin Baki, ba wanda zai iya nuna musu.