Wayar da Ta Riga Ni Gaishe da Suruki

Ba zan taɓa mantawa da hantsin Asabar ɗin nan a Babban Mutum ba, ko da na so in manta, domin har gobe akwai mutanen da ba su da aiki sai tuna mini. Ranar na je gaishe da mahaifin Binta karon farko, ranar ce kuma wayata ta riga ni buɗe baki.

Bari in fara da wayar, tunda ita ta ja komai. Lokacin ina koyarwa a wata firamare a cikin garin Daura. Duk malaman makarantarmu 'yar latsawa suke riƙewa, irin wadda za ta faɗo daga kan babur ta rabu gida uku, ka tsince ka haɗa, ta ci gaba da aiki kamar ba a yi ba. Ni kuwa sai na je Kano na dawo da mai shafawa. Ba maɓalli ko ɗaya a fuskarta, gilashi ne daga sama har ƙasa. Layi biyu take ci, tana da eriya da ake zarowa a kalli talabijin (ban taɓa ganin komai a ciki ba sai yayyafi, amma ina zaro eriyar in mutane sun taru), ga sifika irin ta masu tallar maganin basir a tasha. A gefenta kuma akwai wani ɗan tsinken roba da ake tsikarin gilashin da shi.

Kai, na yi iyayi da wayar nan! Ana cikin hira sai in fito da ita in goge da gefen riga, ba kira ba saƙo. Hedimasta da kansa ya ce in ba shi ya gani, na ce ya goge hannu tukuna. (Allah ya yafe mini, mutumin nan a haife ya haife ni.)

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne halinta. Wayar nan ba ta jin magana. In ka taɓa nan, can take ji. Ka so rubuta "ina kwana", ta rubuta abin da ita kanta ba za ta iya karantawa ba. In kira ya shigo sai ka ja wani abu daga hagu zuwa dama, ka ja, ka ja, har mai kiran ya gaji ya kashe. Amma fa jefa ta a aljihu ka ga aiki da cikawa. Makulli ya taɓa ta, ta ji. Goro ya taɓa ta, ta ji. Ta taɓa kiran gwaggona sau bakwai ina kan babur, har tsohuwar ta aiko a duba ko lafiya. Kulle ta ma sai da wannan jan, saboda haka yawanci ba na kullewa. Tsinken kuwa a sati na uku ya tafi. Abokina Sagir ne ya yi sakace da shi bayan mun ci balangu, ya yar, wai ya zaci na mai nama ne.

To, Binta ma'aikaciyar jinya ce, mun fi shekara muna magana, mun daidaita kanmu. Abu ɗaya ya rage. Mahaifinta ya ce kafin manyana su taka ƙofar gidansa yana son ya gan ni da idonsa. In ya ce a turo, shi ke nan. In kuwa ya yi shiru, Binta ta riga ta faɗa mini ba za ta tsallake maganarsa ba, ta kuma faɗa ba tana dariya ba. Ga shi akwai wani ɗan kasuwa da ke ta zagayen gidan (shi da mota yake zuwa, ni da babur ɗin da sai an tura).

Mahaifin nata, Alhaji Mati, dillalin shanu ne. Duk mai shiga karar shanu daga Daura har bakin iyaka ya san shi. Dogo, siriri, in ya kalle ka kamar yana auna nauyinka. Yana da wata kalma da ba ya rabuwa da ita: "wato dai". Da ita yake buɗe magana, da ita yake rufewa, a tsakiya ma yana barbaɗa ta kamar gishiri. Na taɓa raka kawuna sayen shanun huɗa, na tsaya kusa da Alhajin kusan awa guda. Ni kuma Allah ya ba ni wata baiwa da ba ta taɓa tsinana mini komai ba, wato kwaikwayon muryar mutane.

Ana gobe za mu tafi, bayan la'asar, Sagir ya zo shagon da nake kwana ya ce mu yi gwaji. Shi zai zama Alhaji, ni in gaishe shi, mu ɗauka a waya in ji yadda muryata ke fita. Na sha fama na kunna rikoda. Sagir ya gyara zama ya fara, nan take na ce, "Kai, ba haka yake yi ba, tashi ka gani." Na haye kujerar, na miƙe wuya, na kanne ido ɗaya, na shiga zuba. Mun yi dariya har Sagir ya riƙe ciki yana roƙona in bari. Da muka natsu ya ce, "To yanzu tsakani da Allah, in ya tambaye ka me ya sa Binta, me za ka ce?" Na ba shi amsa, wallahi amsa mai kyau, irin wadda ban san ina da ita ba. Har na faɗi yadda nake ganin girman tsohon, mutumin da bai taɓa zama a aji ba amma ya tsaya kai da fata 'yarsa ta yi karatun jinya, mutanen gari na ta surutu. Duk wayar ta ɗauka, ɓarnar a farko, alherin a ƙarshe.

Washegari muka kama hanya ni da Sagir. A bakin gari muka tsaya ƙarƙashin wata bishiyar bedi muka kakkaɓe jiki, na fito da wayar don in sake jin ƙarshen nan mai kyau. Na yi ta jan layin rikodar ya wuce gaba, ya ƙi. Sagir ya ce, "Malam, ana jiranmu fa." Na jefa ta a aljihun gefe yadda take, a buɗe.

Muka tarar da Alhaji a zaure kan buzu, ƙaninsa Baba Ilu na gefensa. Muka tuɓe takalma, muka yi sallama. Kun dai san gaisuwar suruki ba a tsaye ake yin ta ba, ba kuma rabin tsugunon nan na 'yan birni ba. Har ƙasa ake kaiwa, kai a sunkuye, ni kuma na ƙudura sai na fi kowa kaiwa ƙasa. Shaddar da na sa sabuwa ce, tela ya matse ta, ga ɗan tumbin gwauro mai kwana a teburin mai shayi. Ina kaiwa ƙasa wayar ta shiga tsakanin cinya da ciki. Wata biyu ina lallashin ta da yatsa, ashe cinya take jira.

Na ce, "Baba, barka da..."

"WATO DAI, yaro, matso nan! Wato dai buɗe baki in ga haƙoran!"

Muryar Alhaji Mati ce sak, amma daga cinyata take fitowa, da ƙarfin da za a ji a masallacin unguwa. Alhaji ya waiga bayansa. Wallahi ya waiga.

"Wato dai wannan ne malamin makarantar? Ba tozo, ba ƙirji, sai ciki. Wato dai wannan ko kunya uku ba zai huɗa ba zai kwanta. Binta! Wato dai a wace kara kika tsinto wannan?"

Sai dariyar Sagir ta biyo baya, garau, har da shessheƙa. Sagir na gaske kuwa yana tsugune kusa da ni ya ƙura wa rufin zauren ido kamar an aiko shi ƙirga azara.

Na cusa hannu aljihu, aljihun ya ƙi, saboda a tsugune nake, kuma kunya ta hana ni miƙewa a gaban suruki (ku ji fa, wai kunya). Da ƙyar na fizgo ta. Na danna inda ake tsayarwa, ta ƙara murya. Na sake dannawa, ta koma farko: "WATO DAI, yaro, matso nan!" Na danna da farce, na danna da gwiwar yatsa, na cusa ta a hammata, tana ta wato dai daga hammatar. A cikin gida ana daka, na ji taɓarya ta tsaya. Baba Ilu ya toshe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa, can abin ya fi ƙarfinsa ya fashe har da tari. Sai a lokacin hankalina ya kai ga batir. Na ɓalle murfin na fincike shi, ya yi tsalle ya faɗa kan buzun Alhaji.

Na jira zagi, na jira a ce in tashi in ba su wuri. Da an yi haka da ya fi mini sauƙi. Alhaji bai ko kalle ni ba, ƙaninsa ya juya ya kalla.

"Ilu, haka nake magana?"

Baba Ilu ya share hawaye ya ce, "A'a, Yaya... to, kaɗan-kaɗan dai."

Nan ne abin ya soke ni. Ba fushi na gani a fuskar tsohon nan ba, kunya na gani. Ya haura sittin yana magana a kara da majalisa, kowa ya san kalmarsa, ba wanda ya taɓa faɗa masa, sai ni da na zo neman 'yarsa na kawo masa ita da sifika.

Na ce, "Baba, don Allah ku yi haƙuri, akwai saura. Ƙarshen ne mai kyau, wallahi in kun ji ƙarshen..."

Ya ɗauki batirin da yatsa biyu ya miƙo mini. "Kunna."

Na mayar, na kunna. Ta yi kiɗanta na tashi har ƙarshe, ba ta rage ko kaɗan ba. Sannan ta fito da ɗigo a kusurwa, wai sai na taɓa shi daidai kafin ta buɗe. Yatsana ya yi mata kauri. Na laluba gefenta neman tsinke, na tuna, na harari Sagir. Na zari tsinken tsintsiya a bakin ƙofa na tsikari ɗigo huɗu ɗaya bayan ɗaya, dattawa biyu na kallona. Ta ce ban yi daidai ba, in sake. Na sake. Ta tambaye ni kwanan wata. Da na isa inda muryar take, ta ce babu memori. Na zare shi na hura, na goga a hula, na mayar. Fuskarta ta yi fari fat, daga nan ba ta ƙara cewa komai ba.

Alhaji ya ce, "A kara, in na ga sa mai tafiya ba a kore shi ba, in an ja shi kuma ya tirje, ko tayawa ba na yi." Ya nuna wayar da yatsa. "Ajiye ta. Abin da ka ce yana ƙarshen, faɗa da bakinka."

Jama'a, maganar da na yi wa Sagir tiryan-tiryan jiya, ga abin da ya rage mini a cikinta: "Baba, ina son ta. Kuma ku... kuna da ƙoƙari. Kuma jinya." Kuma jinya! Malamin da ke koya wa yara haɗa jimla ke nan.

Ya ce, "Ku gai da gida."

Binta ta kira ni a wayar Sagir da yamma, tunda tawa ta mutu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ubana ne fa. Ina bayan zauren, ni da Inna da matan maƙwabta." Ta kashe. Wata biyu ba ta ɗaga kirana ba. Na rame, har Hedimasta ya tambaye ni ina gilashin nawa, ko in ba shi ya taɓa yanzu. Labari kuwa ya riga ni isa Daura. In na ratsa ta wajen Kusugu sai in ji 'yan acaɓa na cewa, "Wato dai, Malam, a kai ka?"

Ranar da na fid da rai, sai ga saƙo wai a turo manya. Ban san dalili ba sai bayan biki, da Binta ta ga dama ta faɗa mini. Wai Baba Ilu ya tambayi Alhaji yadda zai ba da 'ya ga wanda ya mai da shi abin dariya, ga mai mota yana jira. Alhaji ya ce, "Wannan na riga na ji abin da yake faɗa a bayan idona. Wancan ban ji nasa ba."

Yau shekarunmu da yawa da Binta. Wayoyin yanzu sun yi hankali, sai sun ga fuskarka suke buɗewa, amma ni har yau in na isa ƙofar zauren nan, waya nake fara cirewa in kashe in saka cikin takalmi kafin in tsuguna. Darasin da na koya ke nan, shi da wani: in za ka yi wa mutum ɓarna da yabo a zama ɗaya, fara da yabon, don ba ka san inda batir zai fita ba.

Alhaji Mati yana karɓata hannu biyu, ko kaza aka yanka sai ya ce a ajiye mini cinya (ina zargin da gangan ne). Amma tun daga ranar ban ƙara jin kalmar nan a bakinsa ba. Binta ta ce in ba na nan yana faɗin abarsa yadda ya saba. In ina nan kuwa, hira za ta yi daɗi, ya miƙe wuya, ya ce "Wa...", sai ya kalle ni, ya haɗiye, ya nemi wata kalmar. Duk ranar da ya yi haka, ni ke sunkuyar da kai.