Kwalbar Gwajin Hauwa

Ko tsufa ya rikita ni, ba zan taɓa mantawa da shekarar da ma'aikatan lafiya suka zo ƙauyenmu, kusa da Auyo, gwajin tsargiya ba. Ruwan ambaliya ya ja baya ke nan, yara kullum suna cikin fadama. Aka ba kowane ɗan firamare 'yar kwalba, aka ce ya kawo fitsari washegari.

Hauwa, 'yata mai shekara tara, ta cika tata. Da na duba sai na ga ja-ja. Jini ne a ciki. Da namiji ne sai a ce girma ya zo. Mace kuwa, me matan unguwa za su ce? Ga shi ni ke rubuta wa malaman asibiti sunayen mata ranar awo (tun da na gama ajin yaƙi da jahilci nake jin kaina rabin likita). Na zubar, na ɗauraye kwalbar, na shiga bayi na cika ta da nawa. Fes da shi. Har da yi wa kaina sannu da dabara.

Bayan kwana uku aka tara mu a rumfar asibiti. Malama Rahila mai gwajin, 'yar kudancin Kaduna da ta daɗe a cikinmu, ta ce, "Maman Hauwa, a ido fitsarin ba komai, amma cike yake da ƙwan tsutsa. Ciwon ya daɗe. In aka bar shi yana ɓata mafitsara, har ƙoda."

Ta tsayar da Hauwa jikin sandar awon tsawo, wadda ke nuna yawan ƙwayar da za a ba mutum, ta ba ta magani. Ni kuwa na tsaya ina lissafi: sakamakon nan ai nawa ne. Ashe ciwon marar da nake ɗora wa daka da haihuwa, wankin bakin kogi ne ya jawo shi. In yi shiru, in koma gida da tsutsata. In yi magana, ga mata cike da rumfa.

"Malama," na ce, murya kamar ta sauro, "ni ma a auna tsawona."

"Ke kuma? Lafiya?"

"Abin da ke kwalbar... nawa ne."

Iya Gambo, tsohuwar da ba ta jin sallama, wannan kam ta ji shi sarai. "Ke 'yar nan! Kin rubuta wa yarinya jarrabawa, kuma kin faɗi?"

Rumfa ta kaure da dariya. Malama Rahila ta danne tata, ta riƙo hannuna. "Cire takalmi, Mama. Kin dai karya ko? Ba a shan sa da yunwa."

Haka na bi layin 'yan aji uku, na haɗiye ƙwayoyina masu ɗaci ina kallon ƙasa. Kafin in fita, mata biyu cikin masu dariyar sun raɓo suna raɗa wa Malama ko akwai sauran kwalba.

Na warke, Hauwa ma ta warke. Tun ranar na gane cewa kunyar da na yi wa wayo ba gudu ta yi ba, zuwa ta yi ta gayyato jama'a.